Baƙin da Lalle Ya Ɗaure

“Mama ta ce a dakata da kawo lefe.”

Sharhabil ya faɗi maganar ne yana kallon takalminsa, kamar a can aka rubuta masa ita. Suna zaune a zauren gidan su Umaima da ke Kinkinau bayan la'asar ɗin Lahadi, shi a kan benci, ita a kan kujerar roba, ga zoɓon da ta kawo masa har ƙanƙarar ta narke bai taɓa ba. Kwana shida ya rage a kawo akwatunan. An riga an gayyaci 'yan karɓa, har an soya cincin.

Umaima ba ta yi mamaki ba. Tun ranar da ya fara sallama a ƙofar gidan take jiran wannan maganar.

“An sake bincike ke nan,” ta ce.

“Gwaggo Hafsat ce.”

To, wanda ya san Gwaggo Hafsat ba ya buƙatar ƙarin bayani. Ƙanwar mahaifin Sharhabil ce, ta yi shekara talatin da biyar tana tsaron fayil a ofishin gwamnati, ta yi ritaya amma hannunta bai daina ƙaiƙayi ba. Maza sun yi nasu binciken tun da daɗewa, sun tambayi liman, sun tambayi mai unguwa, kowa ya ce gidan Malam Garba kafinta gidan mutunci ne. Gwaggo ta ce wannan ai binciken maza ne. Ta yafa mayafinta daga Unguwar Dosa ta zo Kinkinau, ta zauna wurin mai markaɗe, ta zauna wurin mai kitso. Kuma ba don Allah kaɗai ta sha wannan wahalar ba. Tana da 'ya, Yasmin, wadda tun tana goye ake ce mata matar Sharhabil, wasan da kowa ya manta ban da uwarta.

“Me aka gaya mata?” in ji Umaima.

Ya ture kofin zoɓon gefe.

“An ce shekara uku da suka wuce an yi wa wata 'yar gidan nan fyaɗe. An je kotu, an ɗaure mutumin. Wasu sun ce ke ce. Wasu sun ce Fadila ce.”

Gaskiya aka gaya wa Gwaggo, sai dai ba duka ba. Fadila ce, ƙanwar Umaima, wadda sanƙarau ya tafi da jinta tana shekara bakwai, maganarta ma ta bi bayansa a hankali. Gwanar ƙunshi ce, amare daga Malali har Mando layi suke yi mata. Wani magidanci ne ya aiko wai matarsa na son lalle, ta je ta tarar matar ba ta gari. Shekararta sha tara a lokacin.

Abin da ya biyo baya Umaima ba ta son tuna shi. Duk inda suka je, wurin 'yan sanda, asibiti, kotu, ba mai gane maganar hannu, sai a juyo a ce mata, “Ke, me take cewa?” Ita ta zama bakin ƙanwarta. Kullum tare suke fita, hijabi iri ɗaya da niƙabi, dabarar Ummansu ce don kada a gane wace ce. Dabarar kuwa ta yi aiki, unguwa ta san an yi, ba ta san wa aka yi wa ba. Da tsegumin ya fi karkata kan Umaima sai ta bar shi a nan, tunda ita tana da bakin ramawa. Daga nan ne ma ta kama aikin tafinta a wata ƙaramar cibiyar mata da ke Mando, inda kurame irin Fadila ke zuwa da labaran da ba wanda ya taɓa tsayawa ya nemi ganewa.

“Umaima, ki dube ni,” in ji Sharhabil. “Wallahi ko ke ce ban fasa ba. Na gaya wa Mama haka, na gaya wa Abba. Abba ya ce maganar mata ce, sai abin da Mama ta yanke. Ita kuma ta ce amsa ɗaya take so kafin akwati ya bar gidanta. Ke ce, ko ba ke ba ce?”

“Mu nawa ne?”

“Ban gane ba.”

“'Yan matan gidan nan, mu nawa ne?”

“Ku biyu.”

“To in na ce ba ni ba ce, me na ce ke nan?”

Ya gane inda ta dosa. Can ya sassauta murya.

“Ni kaɗai ki gaya wa. Ba zan kai gida ba. So nake in san inda zan tsaya in kare ki.”

“Ka tsaya inda kake. Wanda ya aikata yana gidan yari, kowa ya san sunansa. Ƙannensa biyu suka yi aure bara, ba wanda ya je wurin mai markaɗe ya yi tambaya. Mu da aka zalunta, mu ake bi da fitila.” Nan hawayen da take ta riƙewa suka ƙwace mata. “Ina son ka, Sharhabil, Allah ne shaidata. Ban taɓa sa rai da wani abu kamar auren nan ba. Amma ba zan nuna kowa da yatsa don in shiga ɗakinka ba.”

“To ni in yi yaya? Kwana uku ke nan Gwaggo ta kawo Yasmin gidanmu, wai ta zo taya Mama aiki. Aikin me? Jiya ita ta kawo min abinci. Na ce mata azumi nake. Ranar Asabar fa!”

Dariya ta so kuɓuce mata a tsakiyar kukan.

“Ka ci abinci. Yarinyar ba ta yi maka laifi ba, ita ma turo ta aka yi. Kuma kada ka ɗaga wa Mama murya saboda ni, ba zan yafe maka ba.”

Ya tashi idanunsa jajawur. Sai da ya kai bakin mota ya tuna mukullin yana kan benci, ya dawo ya ɗauka ba tare da sun haɗa ido ba.

Umaima ta tsaya a bakin famfo ta wanke fuska kafin ta shiga ciki. Fadila na zaune a baranda tana yanka salatif ɗin ƙunshi. Ta ɗago, ta ajiye almakashi.

“Me ya sami idonki?” ta tambaya da hannu.

“Mura,” Umaima ta amsa.

“Ya maganar lefe?”

“Tana nan.”

Fadila ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗauki almakashinta ta ci gaba.

*

Ranar Laraba da hantsi Umaima na cibiya, ta gama yi wa wata kurma tafinta a gaban lauya ke nan, saƙo ya shigo wayarta. Fadila ce.

“Yaya ki dawo gida yanzu. Kina da baƙi. Ba za su iya tafiya ba.”

Ta karanta sau uku. Umma ta tafi Zariya ta'aziyya tun jiya, Baba yana shago, Fadila ce kaɗai a gida. Umaima ba ta san lokacin da ta tare Keke ba. Daga Mando har Kinkinau addu'a take yi, ta sha gaya wa mai Keken ya ƙara wuta har ya fara ƙunƙuni.

A ƙofar baranda ta ga takalma biyu masu tsada. Ta yi sallama ta ɗaga labule, sai ta tsaya cak.

Manyan mata biyu ne zaune a kan tabarma, sun miƙe ƙafafu. Kowace ƙafa an ɗaure ta tamau da baƙar leda har idon sawu. Hannayensu a shanye a sama, gaba da baya lalle ne shar, ɗanye. Ɗaya doguwa ce mai tabarau, sanye da farin leshi. Umaima ta sha ganin fuskar nan a wayar Sharhabil. Hajiya Zulaiha ce, mahaifiyarsa. Ta gefenta mai jan mayafi kuwa ba sai an faɗa ba.

Dabarar Gwaggo ce. Ta bincika ta ji ranar Laraba Umaima ba ta gida, ta ce su zo a matsayin masu ƙunshi su ga gidan da idonsu, su kuma ƙare wa ƙaramar kallo. Hannu ɗaya suka ce a yi musu. Fadila ta yi murmushi ta nuna ɗayan ma, ta nuna ƙafa, ta yi ta yi musu alamar zai yi kyau, har suka miƙa. Yanzu ga su nan, ko ƙuda ne ya sauka musu a hanci sai dai su hura.

Umaima ta zube a kan gwiwoyinta, ta sunkuyar da kai.

“Ina wuni, Mama. Ina wuni, Gwaggo.”

Hajiya ta amsa a daburce. Gwaggo ta yi yunƙurin tashi, ledar ta zame a kan siminti, ta koma ta zauna daɓas.

Fadila ta buga tafin hannunta a ƙasa sau biyu, yadda take yi in tana son a dube ta. Fuskarta ba alamar wasa.

“Zauna nan inda zan ga bakinki,” ta ce da hannu. “Yau ke tafinta ce, ba yayata ba. Abin da na faɗa shi za ki faɗa. Ba ragi, ba ƙari.”

“Fadila, kada ki yi,” Umaima ta mayar mata da hannu. “Don Allah. Zan san yadda zan yi.”

“Me kike gaya wa matan da ke zuwa cibiyarku? Ba ke kike cewa mai labari ita ke da labarinta ba? Ko ni ban da ni?”

Dokar aikin Umaima ce, ita da kanta take karanta wa kowace mace kafin a fara. Ta gyara zama, ta share ido.

“Mama, Fadila ce za ta yi magana. Ni faɗa kawai zan yi, yadda ta faɗa.”

Hannayen Fadila suka fara, muryar Umaima na bin su a baya.

“Sannunku da zuwa. Na san ko ku su wane ne tun kafin in gama yatsa na biyu. Mai jan mayafi ta ce, ‘Dube ta, abin tausayi, ai irin waɗannan ba su ma san me aka yi musu ba.’ Ta ce, ‘Ko babbar ce ko ƙaramar, gida ɗaya ne, a janye kawai tun ba a kai akwati ba.’ Mai tabarau ta ce, ‘Ni dai da yarinyar ta fito ta faɗa, da na huta.’”

“La'ilaha illallahu!” Gwaggo ta zabura. “Ashe tana ji? An ce mana kurma ce!”

“Ba ta ji, Gwaggo,” in ji Umaima a hankali. “Gani take. Sai da ta iya Hausa kafin ciwon ya same ta, tana karanta baki.”

Kusan awa guda suka yi suna zuba a gaban yarinyar, fuska da fuska, tazarar da ba ta kai kamu biyu ba. Da a ce mai ji ce da sun yi ƙasa da murya. Da yake kurma ce sai suka saki jiki kamar a gaban bango suke. Hajiya ta sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Fadila ta sake buga ƙasa. Ta jira har Hajiya ta ɗago. Sannan ta daki ƙirjinta da tafin hannu, da ƙarfi, yadda ko ba tafinta kowa zai gane.

Umaima ta kau da kai. Fadila ta harare ta. Ta daure ta fitar.

“Ni ce. Ni aka yi wa. Kuma na san abin da aka yi min, ba abin da na manta. Ya zaɓe ni ne don ya ga ba ni da baki. Da ya gama ya dube ni ya ce, ‘Wa za ki gaya wa?’ Na gani a leɓensa. To na gaya wa alƙali. Wata tara muna zuwa, ana dariyar hannuna, ana cewa a dawo wani watan. Ban fasa ba. Yanzu shi yana ciki, ni ina waje ina yi muku ƙunshi. Ban yi abin kunya ba. Wanda ya yi yana inda ya dace da shi.”

Daga waje ana jiyo mai yalo yana tallansa.

Umaima ta ɗauka an gama, sai ta ga Fadila ta juyo kanta.

“Wannan ma ki faɗa,” ta yi mata alama.

“Wannan tsakaninmu ne.”

“Ki faɗa.”

Haka Umaima ta zauna a gaban surukarta tana yi wa kanta faɗa da bakinta, hawaye na bin kumatunta.

“Ke kuma Yaya, kika ce min mura. Aurenki zai lalace saboda ni, a bakin baƙi zan gani? Shekara uku kina ɗauke da kayana, ba ki taɓa tambayata ko ina so a ɗaukar min ba. Na san sona kike. Ba don ke ba da ban kai ko ƙofar kotu ba, har in mutu ba zan manta ba. Amma in aka zo maganata sai ku juya min baya, ke da Umma, don kada in ga bakinku. Kun ɗauka ban lura ba? Waɗannan sun yi magana a gabana kamar ba na nan. Ku kuma kuna yi a bayana. Wanne ya fi ciwo, kin sani?”

Daga nan Umaima ta kasa. Ta rufe fuska da tafukanta ta fashe da kuka mai sauti. Ba abin da ya fi ƙona mata rai kamar yadda kowace kalma gaskiya ce. Fadila ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta janye mata hannayen daga fuska, ta nuna Hajiya.

“Saura tambaya ɗaya. Mama, kin sami amsarki, kin huta. Ni ma ki ba ni tawa. Da a ce Yaya ce aka yi wa, da kin karɓe ta?”

Gwaggo ta yi caraf.

“Ai yanzu ba wannan ake ba. Tunda dai an ji, sai a koma gida a yi shawara, don ko ba komai mutane za su ce...”

“Hafsatu, ya isa.”

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, amma Gwaggo ta yi gum. Hajiya ta juyo da fuskarta sosai wajen Fadila, ta yi maganar a hankali, kalma bayan kalma, don yarinyar ta gani da kanta.

“Da na ƙi, 'yata. Ba zan yi miki ƙarya ba. Da na ce yaron nan ba zai aure ta ba, in kwanta in yi barcina ina ganin na kare gidana. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina laifin me ta yi ba. Sai yanzu da kika tambaye ni na nemi laifin na rasa. Na zauna a gidanku ina cin namanki, ke kina yi min ado. Ni ma ina da 'ya'ya mata. Wallahi na ji kunya.”

Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau, ga hannu ba halin sharewa. Ta yi ƙoƙarin gogewa da kafaɗa, abin bai yiwu ba. Fadila ta dube ta na ɗan lokaci. Sannan ta matso, ta zare mata tabarau ɗin, ta share mata fuska da gefen ɗankwalinta, ta mayar mata.

“Umaima,” in ji Hajiya. Karo na farko ke nan da ta kira sunanta. “Yaya ake cewa ‘ki yafe min’ da hannu?”

“Mama, bari lallen ya bushe tukuna.”

“Nuna min.”

Umaima ta dunƙule hannu ta ɗora a ƙirji ta juya shi. Hajiya ta dunƙule nata, ɗanyen lalle da komai, ta ɗora a kan farin leshinta ta juya. Zanen da aka yi rabin awa ana yi ya dame, ƙirjin rigar ya yi dama-dama.

Fadila ta zaro ido. Ta kama hannun ta juya shi gaba da baya, ta dubi Umaima a fusace.

“Me ta ce?” in ji Hajiya.

“Ta ce ta yafe,” in ji Umaima. Fadila ta zungure ta da gwiwar hannu. Umaima ta sunkuyar da kai. “Ta kuma ce kin ɓata mata aiki, wai ko yara ba sa yi mata haka.”

Hajiya ta tuntsire da dariya, kuka bai gama sakinta ba. Umaima ta ji wani abu da ya tokare mata ƙirji tun ranar Lahadi ya sauka, har sai da ta dafa ƙasa. Ashe haka numfashi yake da daɗi.

Amma Fadila ba ta gama ba. Ta juya wajen Gwaggo, ta ɗaga yatsa ɗaya.

“Maganar nan ni na ba ku, ban ba ku don ku raba ba. Wanda na ga dama zan gaya wa da kaina. In na gan ta a bakin wani a Unguwar Dosa, na san inda ta fito.”

“Ni?” in ji Gwaggo. “Ni da ba ruwana da maganar mutane?”

Duk suka zuba mata ido. Kallon ya yi mata yawa.

“To, na ji. Wallahi ba za a ji a bakina ba.”

“Na shaida,” in ji Hajiya. “In kuwa aka ji, ni da ke ne, kuma a gaban yayanki.” Ta dubi Fadila. “Shi yaron fa? Me zan ce masa?”

“Ba komai. Yana da kirki, yana koyon gaisuwa da hannu ko da yake bai iya ba. Wata rana zan gaya masa, in na shirya.”

Hajiya ta gyaɗa kai. Ta nuna jakarta da haɓa.

“Ɗauko min waya, ki kira shi. ‘Babban Gida’ na sa masa a wayar.”

Umaima ta ɗauko ta danna, ta miƙa mata. Hajiya ta dubi hannayenta, ta dubi wayar.

“Da me zan karɓa? Riƙe min a kunne.”

Wannan kam ba a taɓa yi ba. Yarinyar da ko inuwar uwar miji ya kamata ta gani ta kauce, ga ta durƙushe kafaɗa da kafaɗa da ita tana riƙe mata waya. Umaima ta kawar da kai gefe, kunya kamar ta nutse, amma duk abin da ake faɗa yana shiga kunnenta.

“Mama?” Muryarsa a dashe take.

“Kana ina?”

“Ofis.”

“To saurara. Tambayar da na aike ka da ita, ni ce ban kyauta ba. Na janye ta. Kada ka sake yi wa kowa ita, ni ma kada ka tambaye ni. Ranar Asabar za a kai kaya kamar yadda aka sa. Gwaggonka ce ma za ta ja gaba.”

Gwaggo ta buɗe baki, Hajiya ta dube ta ta saman tabarau, ta rufe.

Sai Umaima ta ji shi yana ta maimaita alhamdulillahi cikin kuka, kamar ba zai daina ba.

“Mama, me ya faru? Kina ina ne?”

“Ina inda aka koya min hankali. Ka je ka ci abinci, na gaji da azumin ƙarya. Kuma ka daina wannan kukan, matarka ce ke riƙe da wayar.”

Umaima ta yi saurin kashewa. Ba ta san lokacin da ta ja hijabi ta rufe fuska ba.

Sai bayan azahar Fadila ta yarda ta kwance su. Ta gyara wa Hajiya hannun da ya ɓaci gwargwadon iko, ta kawo ruwa suka wanke, suka yi salla. Ƙafafun sun kama jawur. Ko Gwaggo sai da ta juya tata ƙafar ta ce ba laifi. A bakin zaure Hajiya ta tambayi ranakun da cibiyar ke buɗewa, ta ce tana da mota tana zaune ba aikin komai, in akwai matan da ke rasa mai kai su kotu a gaya mata. Umaima ta ce za ta tambaye su tukuna, in sun yarda.

Da suka dawo baranda su biyu, Umaima ta zauna ta jingina da bango. Jikinta duk ya mutu.

“Me ta ce a waya?” in ji Fadila.

Umaima ta mayar mata tas, har da azumin ƙarya.

“Na gani ai,” Fadila ta ce. “Gwada ki nake.”

“Ba ki ji tsoro ba?”

Fadila ta miƙo hannayenta. Har yanzu rawa suke yi.

“Ba ki ga zanen hannun hagunta ba? Duk a karkace. Tun da nake ban taɓa yin mummunan aiki irinsa ba.” Ta ja numfashi. “Amma na ji daɗi, Yaya. Kamar na sauke buhu.”

“Ki yafe min. Me kike so in riƙa yi?”

“Ki riƙa tambayata. Ko abin ba daɗi, ki juyo in ga bakinki.”

Umaima ta gyaɗa kai. Ta ɗaga hannu za ta ƙara wata maganar, Fadila ta cafke shi, ta cafke ɗayan, ta ɗora su a kan cinyarta. Ta jawo kwanon lalle da ƙafa. Ranar Asabar za a kawo kaya, ba za a zo a sami yayarta da farin hannu ba.

Ta yi mata gaba da baya har wuyan hannu, a tsanake, wannan karon ba layin da ya karkace. Da ta gama ta wanke yatsunta, ta gyara zama suna fuskantar juna. Umaima ta dubi hannayenta a shanye, ba halin ko alama ɗaya sai nan da awa biyu.

“Yauwa,” in ji Fadila. “Ina da maganar shekara uku. Yau ke za ki saurara.”